Kama Da Wane Ba Ta Wane: Tarihin Haruffan Ɗab'i Masu Kwaikwayon Burushi

Gabatarwa

Duk wanda ya saba duba bangon littattafai da fostocin fina-finai da allunan talla na wannan zamani, ba zai rasa cin karo da wani irin rubutu ba, wanda in ya gan shi sai ya rantse wani gwani ne ya tsoma burushi cikin fenti ya shara shi da gaggawa. Haruffan a karkace suke, suna riƙe da juna irin na rubutun hannu, gefunansu da kaushi, cikinsu kuma da fararen zane-zane, tamkar fenti ya ƙare wa burushin kafin ya kai ƙarshen harafi. Alhali kuwa babu burushi, babu fenti. Kwamfuta ce ta fitar da su daga cikin ɗimbin salon haruffan da aka zuba mata. Masu sana'ar tsara ɗab'i kan yi amfani da su wajen babban rubutu, wato take da kanu da sunan haja, waɗanda ake so ido ya kama tun daga nesa.

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi sawun waɗannan haruffa cikin tarihi, domin mu gano yadda aka yi na'urar da ta raba rubutu da rawar hannu ta komo tana kwaikwayon wannan rawar da gangan. Daga nan sai mu duba abin da tarihin ke koya wa mai zaɓen haruffa, musamman wanda zai rubuta take da Hausa. Batun ya shafe mu, domin da yawa daga cikin ɗalibanmu marubuta ne, kuma bangon littafi shi ne sallamar da marubuci ke fara yi wa mai karatu.

Ɗab'i Ya Fara Da Kwaikwayon Hannu

A wajen shekarar 1455 ne Johannes Gutenberg ya kammala buga Baibul ɗinsa mai layi 42, a birnin Mainz na ƙasar Jamus. Masu sayen littafi a zamaninsa sun saba da aikin gwanayen kwafa, don haka ya yi iyakar ƙoƙarinsa littafin ya yi kama da na hannu. Ya zuba haruffa da alamomi iri-iri har kimanin 290, alhali manya da ƙananan haruffan Latin gaba ɗaya ba su kai 60 ba. Rarar ta ƙunshi haruffa masu haɗe da juna, da alamomin gajarta kalma irin na masu kwafa, da kuma siffa biyu ko uku ta harafi guda.

Waɗanda suka biyo bayansa ma haka suka yi. A 1501 maɗaba'ar Aldus Manutius da ke birnin Venice ta fito da haruffa masu karkata, waɗanda Francesco Griffo ya sassaƙa bisa rubutun hannun malaman Italiya. A 1557 kuma Robert Granjon ya fito da wasu a birnin Lyon, masu kwaikwayon rubutun yau da kullum na Faransawa, waɗanda daga baya aka san su da sunan Civilité, saboda an yawaita buga littattafan koya wa yara ladabi da su.

Sai dai a hankali ɗab'i ya yaye kansa daga hannu. Zuwa ƙarshen ƙarni na 18, haruffan Giambattista Bodoni na Parma da na Firmin Didot na Faris sun zama tsaf-tsaf, kamar da ma'auni aka zana su, babu wani alƙalami da zai iya fitar da irinsu. Daga wannan lokaci kyawun ɗab'i ya zama tsabta da daidaito, duk wani tabo ko kaushi kuwa aibi ne da ma'aikaci ke jin kunyarsa.

Haruffan Talla Da Tsufan Katako

Bunƙasar masana'antu da ciniki a ƙarni na 19 ta haifar da sabuwar buƙata. Mai shelar gwanjo da mai wasan kwaikwayo da kamfanin jirgin ƙasa duk suna son takardar da za a manna a bango, mai wucewa ya karanta ba tare da ya tsaya ba. Haruffan littafi sun yi ƙanƙanta ga wannan aiki, manyan haruffan dalma kuwa ga nauyi ga tsada, kuma ba su cika daskarewa daidai ba wajen zubi. A 1828 Darius Wells na birnin New York ya fitar da kundin tallar haruffan katako, bayan ya samo dabarar sassaƙa su da yawa da na'ura. Katako ya yi araha, ya yi sauƙin ɗauka, amma yana tsufa. Da an daɗe ana bugu da shi sai ya tsage, gefunansa su cinye, tawada ta ƙi kama wasu wurare, har zanen jikin itacen ya riƙa fitowa a takarda. Ma'aikatan wancan zamani kan ɓata lokaci suna cusa 'yan takardu a ƙarƙashin harafin da ya lotsa domin su ɓoye wannan lahani. Da za a ce musu wata rana jikokinsu za su biya kuɗi don a saka musu irin wannan lahani a rubutu, da sun ɗauka ba'a ake yi musu.

A gefe guda kuma akwai masu rubutun allo da burushi, waɗanda ke rubuta sunayen kantuna da katunan farashi. Rubutunsu yana da rai da sauri, yana kuma jan mai saye fiye da haruffan maɗaba'a masu tsayuwar soja. Wannan ne ya sa masu zubin haruffa suka fara tunanin yadda za su kama burushi su sa shi cikin dalma.

Burushi A Cikin Dalma

Aikin bai zo da sauƙi ba. Kowane harafin dalma a kan ɗan dunƙule mai kusurwa huɗu yake zaune, ana jera dunƙulen kafaɗa da kafaɗa. Idan ana so rubutu ya fito a haɗe, dole wutsiyar kowane harafi ta ƙare daidai inda kan na gaba zai fara, ko wane harafi ne kuwa ya biyo baya. Duk reshen da ya leƙa waje da dunƙulensa kuma yana iya karyewa a ƙarƙashin inji. Hannu ba ya bin irin wannan doka, don haka gwanintar mai zane ita ce ya bi dokar ba tare da mai karatu ya lura ba.

Kamfanin American Type Founders, wanda aka kafa a 1892 ta hanyar haɗe masana'antun zubi 23, shi ya yi fice a wannan fage a Amurka. Ya fitar da Kaufmann a 1936, sai Brush Script na Robert E. Smith a 1942, sai kuma Dom Casual a 1951. Brush Script ya samu karɓuwa ƙwarai a tallace-tallacen bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya kuma ya shiga kwamfutoci, har yawan ganinsa ya sa masana suka gundura da shi.

A Faransa, Roger Excoffon ya ƙara matsawa gaba. A 1953 masana'antar Olive ta birnin Marseille ta fitar da Mistral, wanda ya gina bisa rubutun hannunsa, aka kuma raɗa masa sunan wata iska mai sanyi da ƙarfi da ke kaɗawa a kudancin ƙasar. Ya tsara haruffan yadda za su yi kamar suna hawa da sauka a kan layi, gefunansu da ɗan kaushi, ga shi kuwa kowanne yana zaune daram a kan dunƙulensa. A 1955 ya ƙara da Choc, mai kauri, kamar an dangwala shi da babban burushi. Duk da haka, fararen zane-zanen nan na busasshen burushi sun yi wa dalma wuya, domin tawada kan cike 'yan ƙananan ramuka tun ba a yi nisa da bugu ba.

Farin Da Ke Tashi

Kafin mu shiga zamanin kwamfuta, ya kamata mu waiwaya gabas, domin ba Turawa suka fara ganin kyan busasshen burushi ba. A ƙasar Sin, inda burushi ne alƙalami, akwai wani tsohon salon rubutu da ake kira feibai, ma'ana farin da ke tashi. Ana jingina shi ga Cai Yong, malamin daular Han wanda ya rasu a shekara ta 192. Ruwaya ta ce ya ga ma'aikata suna shafa farar ƙasa da tsintsiya, ya lura da yadda tsinkayen ke barin fili a tsakaninsu, sai ya ɗauki dabarar zuwa rubutu. A wurin masana rubutun Sin da Japan, wannan fari shaida ce: yana nuna saurin hannu, da nauyin da aka ɗora wa burushi, da yawan tawadar da ta rage a daidai wannan lokaci. Saboda haka ba ya taɓa fitowa iri ɗaya sau biyu, ko da a hannun mutum guda. Mai karatu ya riƙe wannan batu, domin a kansa ne matsalar haruffan zamani ta ta'allaƙa.

Kwamfuta Da Ƙishirwar Aibi

Daga shekarun 1950 aka fara barin dalma ana tsara rubutu ta hanyar hoto, abin da ya 'yantar da harafi daga dunƙulensa. Kamfanin Letraset, wanda aka kafa a Landan a 1959, ya fito da haruffan gogawa a 1961: a ɗora takardar a kan aiki, a goga bayanta da biro, harafi ya manne. Sau da yawa harafin kan tsage wajen gogawa, wasu masu zane kuma suka fara barin tsagar da gangan. A 1984 kwamfutar Macintosh ta fito, a 1985 aka samu na'urar bugu ta LaserWriter da manhajar PageMaker, a 1986 kuma Fontographer, wadda ta ba kowa damar ƙera haruffansa a ɗakinsa.

Nan fa tsabta ta yi araha. Abin da Bodoni ya ƙare rayuwarsa yana nema, ya zama kowane akawu yana samunsa da danna maɓalli. Da tsabta ta zama ruwan dare, sai ido ya fara ƙishirwar abin da ke nuna taɓin ɗan Adam. Wasu matasa biyu 'yan ƙasar Holan, Erik van Blokland da Just van Rossum, suka ƙera Beowolf, wanda ya shiga kasuwa a 1990. An tsara shi yadda gefunan haruffansa za su sauya a duk lokacin da aka buga su, ta yadda ba za a sami biyu masu kama ɗaya ba. A 1991 van Blokland ya fitar da Trixie, wanda ya kwafo daga rubutun wani tsohon keken rubutu, da dattinsa da komai. A Amurka kuma mujallar kiɗa ta Ray Gun, wadda ta fara fitowa a 1992 da David Carson a matsayin mai tsara shafukanta, ta mai da karyayyun haruffa da ƙwarzanannun shafuka abin yayi. Carson ya kai abin maƙura a 1994, lokacin da ya buga wata hira da mawaƙi Bryan Ferry gaba ɗayanta da Zapf Dingbats, wanda tarin alamomi ne irin su taurari da kibiyoyi, babu harafin da za a karanta a ciki. Labarin ya yi suna, amma ya nuna iyakar wannan tafarki, wato inda ado ya haɗiye saƙo.

Wani darasin yana cikin labarin Papyrus, wanda Chris Costello ya zana a 1982 da alƙalami a kan takarda mai kaushi, Letraset ta fitar a 1983. Da ya shiga kwamfutoci sai kowa ya ɗauka, daga mai sayar da sabulu zuwa mai gidan abinci, har ya bayyana a fim ɗin Avatar na 2009, inda ya jawo ba'a mai yawa. Salon bai sauya ba, yawan amfani da shi a inda bai dace ba ne ya zubar masa da daraja.

Matsalar Maimaici

A yawancin haruffan kwamfuta, siffa ɗaya tak aka ajiye wa kowane harafi. Idan harafin a yana da tsaga a kafaɗarsa, to duk a ɗin da ke cikin take zai fito da wannan tsagar, a wuri guda, da girma guda. Ido kuwa ba ya raina irin wannan. Ko mai kallo bai san dalili ba, zai ji a ransa cewa rubutun na jabu ne. Masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane.

Maganin da aka samo ya zo ta tsarin OpenType, wanda kamfanonin Microsoft da Adobe suka sanar a 1996. Tsarin yana iya ɗaukar siffofi fiye da 65,000 a salo guda, yana kuma iya musanya siffar harafi bisa la'akari da maƙwabtansa. Mai ƙera haruffa na kirki yakan rubuta kowane harafi sau uku ko huɗu da burushi na gaske, ya ɗauki hotonsu, ya sa kwamfuta ta riƙa karɓa-karɓa da su. Idan muka lura, wannan ita ce dabarar Gutenberg ta siffofi 290, ta dawo bayan fiye da shekara 500.

Ina Matsayin Hausa?

Kusan duk waɗannan haruffa an ƙera su ne domin harsunan Turai, Hausar boko kuwa tana da nata baƙaƙe masu lanƙwasa: ɓ da ɗ da ƙ, sai kuma ƴ da ake amfani da shi a Jamhuriyar Nijar a inda mu muke rubuta 'y. A farkon ƙarni na 20 ana nuna waɗannan sautuka ne da ɗigo a ƙarƙashin harafi ko waƙafi a gefensa. A shekarun 1930 ne masu lanƙwasa suka kafu, zamanin da Rupert East ke jagorancin aikin talifi a Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma, wadda ta fara fitowa a 1939, ta taimaka wajen sabar da jama'a da su. Amma kayan aiki sun daɗe ba su cim ma ƙa'idar ba. Shekaru da dama masu buga kundayen digiri da keken rubutu sai sun bi shafi-shafi suna ƙara lanƙwasa da biro. A tsakiyar shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta sa hannu a aikin samar da haruffan bai-ɗaya na harsunan Nijeriya, da taimakon Hermann Zapf, Bajamushen nan da ya zana alamomin da Carson ya yi wasa da su. Tsarin Unicode ma ya ba waɗannan baƙaƙe lambobinsu tun farkon shekarun 1990. Sai dai samun lamba daban, mai zane ya zauna ya zana harafin daban, kuma haruffan ado su ne aka fi bari babu su.

Idan salo ba shi da ƙ, ɗayan uku ne ke faruwa. Ko kwamfuta ta aro harafin daga wani salo, ya tsaya a tsakiyar kalma kamar baƙo a gidan biki. Ko ta saka ɗan akwati fanko. Ko kuma mai tsarawa ya share lanƙwasar ya huta. Na ukun ya fi yawa, ya kuma fi ɓarna. Littafin da marubuci ya raɗa wa suna Ƙasarmu sai ya fito Kasarmu, wato macijiyarmu, baƙi su koma baki, ƙoƙo ya koma koko. Ko da salon yana da baƙaƙen, akwai sauran rina a kaba: lanƙwasar tana can ƙololuwar harafi, siririya, daidai inda ake sa busasshen burushi ya dushe. Kaushin da ke ƙawata kalmar Turanci yana iya cinye ma'anar kalmar Hausa.

Maimaici ma ya fi tona asiri a Hausa. Harshenmu yana da yawan wasalin a, yana kuma son ninka gaɓa. Kalma irin magabata tana da a huɗu a jere, ɗanɗano da ƙaiƙayi da ɓarɓashi kuwa kowacce tana maimaita baƙinta mai lanƙwasa. Salon da zai iya ɓoye maimaicinsa a wani harshe, a nan ba shi da maɓoya.

Abin Da Mai Zaɓe Zai Kula Da Shi

Daga abin da ya gabata muna iya tsamo wasu ƙa'idoji. Da farko, a gwada salo da ainihin kalmomin take kafin a amince da shi, a tabbata ɓ da ɗ da ƙ suna nan, manya da ƙanana, kuma lanƙwasarsu tana fitowa sarai. Na biyu, a rubuta kalma mai maimaita harafi, a duba ko tabon yana sauyawa. Na uku, a tuna cewa don nesa aka yi waɗannan haruffa: kalma biyu ko uku manya sun isa, sauran bayani a ba wa salo mai sauƙin karatu. Kada kuma a rubuta take duka da manyan baƙaƙe, domin ba a yi su don su haɗu da juna ba. Na huɗu, a yi la'akari da takarda da injin da za a yi bugu da su. Takarda mai araha da tsohon inji suna da nasu kaushin, in aka haɗa da na salon sai a yi gyaran gangar Auzinawa. Yana da kyau a buga gwaji a girman da ake so, a manna a bango, a ja da baya a karanta. Na biyar, a auna ko salon ya dace da abin da ke ciki. Rubutu mai gaggawa da kaushi yana iya dacewa da labarin gwagwarmaya ko fostar wasan kwaikwayo, amma bai dace da sanarwar ta'aziyya ko takardar shaidar karatu ba. Na shida, haruffa aikin wani ne, kuma suna da sharuɗɗan amfani. A karanta su kafin a sa salo a abin sayarwa.

Akwai kuma hanya ta bakwai, wadda ta fi kusa da mu. Masu rubutun allo da na jikin manyan motoci suna nan a garuruwanmu, ko da yake injinan buga tallar roba sun rage musu kasuwa ƙwarai. Wanda ya kai wa ɗayansu taken littafinsa ya rubuta da burushi, aka ɗauki hoton rubutun aka sa a kwamfuta, ya sami kaushi na gaske wanda ba ya maimaituwa, ya sami lanƙwasa yadda ya umarta, ya kuma taimaki mai sana'a.

Kammalawa

Mun ga yadda ɗab'i ya fara da kwaikwayon hannu a zamanin Gutenberg, ya rabu da shi a zamanin Bodoni, sannan ya komo yana nemansa ta katako da dalma da kwamfuta. A kowane mataki, waɗanda suka yi nasara su ne suka tsaya suka kalli yadda hannu da burushi ke aiki a zahiri, suka kuma kiyaye haƙƙin mai karatu. Kiranmu ga ɗalibai masu sha'awar zane da kwamfuta shi ne su ɗauki wannan fage da muhimmanci. Kayan ƙera haruffa sun samu, gwanayen burushi kuma suna raye a tashoshin mota da bakin kasuwanni. Abin da ya rage shi ne a zauna da su, a tattara hannunsu, a ƙera salon da aka fara zana ƙ da ɗ da ɓ ɗinsa tun ranar farko, domin tun ran gini ran zane.